Tafiyata Zuwa Jan Kwari, Ƙasar Dunƙulawa

"Wai shin Malam, naman nan idan ya tsage, wa yake gaya masa ya taso daga nan, ya taso daga can, ya haɗu a tsakiya?"

Yaya Marka ce ta yi tambayar, yayar maigidana, kuma Malam Isiyaku, malamin asibitin garinmu, ta yi wa. Ni ina bayan zana ina tsince shinkafa, kunnena ne kawai ya tsallaka.

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa babu ɗinki, ya ɗaga sama babu turke, ya ɓoye garuruwa a inda ido ba ya kaiwa. Ni Tasalla, 'yar Tungar Maɗaci, wadda karatunta ya tsaya a firamare, wadda ko kasuwar garinmu ba ta shiga sai da rakiya, na je ƙasar da fatake ba su taɓa sauka ba, na ga abin da na gani, na dawo ruwan da na tafasa bai gama hucewa ba.

Ga yadda abin ya faro. Maigidana masassaƙin turmi ne. Ba a daɗe da kawo ni ba gizago ya kuɓuce masa, ya sare shi a ƙwauri. Ciwo ya ƙi rufewa. 'Yan dubiya suka yi ta zuwa, kowa da maganinsa a ƙulle, shi kuwa mutum ne mai kara, ba ya iya ce wa kowa a'a. Waɗanda suka fi naci su biyu ne. Yaya Marka tana zuwa da safe da wani baƙin gari a gwangwani. Gwaggo Dudu, ƙanwar mahaifinsu, tana zuwa da la'asar da wani maiƙo mai warin toka. Ba sa ga maciji da juna, shi ya sa suka raba lokaci. Kowacce ta zo sai ta goge na ɗayar, ta shafa nata.

Malam Isiyaku ya amsa wa Yaya, ya ce, "Marka, kin yi tambayar manya. Jikin nan da kike gani tarin 'yan ƙwayoyi ne masu rai, ido ba ya ganinsu. Idan an ji ciwo, su ne suke rarrafowa daga gefe su rufe wurin. A cikin kowace ƙwaya akwai 'yan aike, furotin ake ce musu a makaranta. Su suke cewa ga hanya, tafi, ja, tsaya. Idan an dame su sai su rikice. Shi ya sa nake ta roƙonku, a wanke da tafasasshen ruwan gishiri, a rufe da bandeji, a ƙyale shi."

"Nama da rarrafe!" in ji Yaya. "Kai ma dai Malam. Ni na san abin da ya hana ciwon nan warkewa. Tun da farar ƙafa ta shigo gidan nan me ya yi daidai?" Ta ɗaga murya don zana ya ji. "Idan Sallah ta zo ƙanena bai taka zuwa Idi ba, wata za ta je ganin gida, kuma ba ranar dawowa."

Na so in leƙa in tambayi Malam yadda 'yan aiken suke, da abin da yake rikita su. Kunya ta hana ni. Da na iya tambaya, da ban yi wannan doguwar tafiya ba.

Washegari da hantsi, bayan Yaya ta barbaɗa garinta ta tafi, na ɗauko ruwan gishiri. Maigidana yana kwance a tabarma gindin darbejiya, barci ya kwashe shi. Tun da aka kawo ni ban taɓa kallon fuskarsa sosai ba, na fi sanin yatsun ƙafarsa da idanunsa. Don haka na durƙusa, na zuba wa ciwon ido. Ina kallo, ina kallo, sai na ga bakin ciwon yana faɗaɗa kamar rafi da damina. Na sunkuya in ƙara gani. Ƙasa ta zame mini. Na ce "Wayyo Inna!" a hankali, don kada in tashe shi.

Na faɗo a bakin wani kwari ja wur, mai faɗin da ido da ƙyar yake hango tsallakensa. Ƙasar wurin duk zare ne a shimfiɗe, mai danƙo. Nan da can ga waɗansu baƙaƙen tsibi sun kai tsayin rumbu. Mutanen ƙasar kuwa, subhanallahi! Ba kai, ba ƙafa, ba wuya. Kowa dunƙule yake kamar curin ƙullu, ya fi ɗakina girma, kuma jikinsa garau, kana hango abin da ke ciki.

Wata daga cikinsu ta motsa, ta ce, "Maraba da baƙuwa. Ni ce Iya Luɓu, nan kuma ƙasar Dunƙulawa ce. Ke ina gabanki, ina bayanki?"

Na durƙusa na gaishe ta, na nuna mata.

"Kullum a wuri ɗaya suke?"

"E, Iya."

"Allah sarki, 'yar nan. Haka aka haife ki? Mu a nan duk tafiya sai an yi sabon gaba. Matso ki gani."

Na matsa na leƙa cikinta. Sai ga waɗansu 'yan mutane, kowa da 'yar hularsa. Ta ce bayinta ne, amma daga baya na lura su suke juya ta. Na farko siriri ne mai dogon hanci, Shinshinau. Na biyu ƙaƙƙarfa ne mai gaggawa, Kutsau. Na uku dattijo ne mai ɗaure fuska da igiya a kafaɗa, Tattarau. Dokarsu ɗaya ce. Mai hula a ka yana aiki, wanda hularsa ta faɗi sai ya ɓingire da barci nan take, ko da magana a bakinsa.

"Jan Kwari yana kiranmu da ƙamshi," in ji Iya. "Masu gadi suna jere a fatata. Gefen da ƙamshin ya fi ƙarfi, masu gadin wajen suke sa wa Shinshinau hula. Shi ya nuna hanya, ya tashi Kutsau."

Ana cikin haka iska ta kaɗo daga kwarin. Hula ta hau kan Shinshinau, ya miƙa hanci, ya ce, "Can!" Kutsau ya zabura, ya yi ta harhaɗa sanduna yana tokare fatar Iya daga ciki, har ta miƙo kamar leɓe. Leɓen ya sauka a kan zaren ƙasa, ya kafa 'yan turaku, ya riƙe. Tattarau ya zo wucewa ta wajen, Kutsau ya kai wa hularsa duka.

"Matsa can, tsohon banza, nan gaba ne!"

"Gaban uwar wa? Ka zo baya ka ga yadda ake kaɓe hula, ɗan gaggawa!"

Tattarau ya koma ƙarshe yana ƙunƙuni, ya gyara hularsa, ya tumɓuke turakun baya, ya ja igiya. Sai ga Iya Luɓu ta gusa gaba, sumul.

Na ce, "Iya, ba za a sasanta su ba?"

"A sasanta su in mutu a zaune? Rashin jituwar nan tasu ita ce ƙafata. Da suna shiri, da sun zauna wuri ɗaya suna hira, ba gaba ba baya."

Ba ta rufe baki ba iska ta juya, ta kwaso warin baƙaƙen tsibin nan daga gabas da yamma, kudu da arewa. Masu gadi suka rikice, kowa yana ihu ta wajensa ne. Shinshinau ya yi ta juyi yana "Can! A'a, can! Can ma!" Kutsau ya tokare nan, ya tokare can. Kafin in ce wani abu Iya Luɓu ta baje a ƙasa kamar gurasa.

"Kin gani ko," ta ce daga ƙasa, muryarta a shaƙe. "Kullum haka muke. Da safe sama ta yi mana ruwan baƙin gari, da la'asar ta yi ambaliyar maiƙo. Wane zunubi muka yi?"

Na dangwali tsibin na shinshina. Gwangwanin Yaya Marka! Ko a lahira na ji warin nan zan gane shi. Na buɗe baki in faɗa, sai na tuna yayar miji ce, na yi shiru.

Nan ƙasa ta fara girgiza. Iya ta ce, "Gudu, 'yar nan! Fararen Dakaru ne. Aikinsu cinye baƙo. Tun da garin nan ya fara sauka ba su koma bariki ba, har hanyar da muka gyara suke tattakewa."

Na waiwaya. Ga su nan fari fat, suna malalowa da sauri kamar kunun da ya kife. Na kwasa da gudu, danƙon ƙasa yana cire mini takalmi. Na yi dama, suka yi dama. Na ɓuya a bayan tsibi, suka zagayo. Sai na lura ba su da ido ko ɗaya, hancin Shinshinau ɗinsu kawai suke bi. Me ke jikina mai wari haka? Na shafa haɓar zanena, na ji ƙullin daddawar da na ɗebo don miyar rana.

Na kwance ta, na gutsura kaɗan na jefa hagu. Suka yi jim. Na tattara sauran na wurga can nesa iya ƙarfina. Duk hantunan suka juya lokaci guda. Babbansu ya yi kururuwa, "Ga uban baƙin can!" Suka bar ni tsaye, suka rufa wa daddawa. Na ji wani yana cewa, "Ranka ya daɗe, wannan abokin gaba ya daɗe da mutuwa." Miyar ranar nan dai lami aka sha ta.

Na ci gaba da tafiya ba takalmi, har na yi tuntuɓe da wata doguwar igiya. Igiyar ta ce, "Wash! A dinga duba hanya mana."

Ashe mutum ne. Baba Zololo sunansa. Gabansa ya yi nisa har ba a hango shi, bayansa kuwa yana nan kafe inda aka haife shi, tsakiyarsa ta sirance kamar taliya.

"Sannu Baba. Me ya same ka?"

"Ambaliyar maiƙo ce ta tafi da hular Tattarau ɗina. Tun ranar yake barci. Shi kuwa Kutsau ba ya waiwaye, tafiya kawai yake. Gabana ya ga duniya, bayana bai san an tashi ba. Saura kaɗan in tsinke, a rasa wanda za a yi wa ta'aziyya a cikinmu."

Na leƙa. Ga Tattarau ya baje yana minshari, kansa tal. Na duba ko'ina babu hula. Abin da ke gare ni ɗankwalina ne, ni da ko a gaban kaji ba na cire shi. Na ce, "Baba, don Allah rufe idonka."

"Ba ni da ido, 'yata."

"To, juya baya."

"Bayan ne ai matsalar."

Na runtse nawa idon, na yage gefen ɗankwalin, na zura hannu ta fatarsa mai laushi, na ɗaura wa dattijon a ka. Ya buɗe ido, ya ce, "Wa ya bar turakun nan a kafe?" Ya tumɓuke su gaba ɗaya, ya ja igiya da fushin barcin da ya yi. Ban sami damar zare hannuna ba. Baba Zololo ya tsuke kamar danƙon harbi, fyuu! Muka keta ƙasar Dunƙulawa, ina salati, shi yana "Madalla! Madalla!", har ya dire ni a bakin Jan Kwari.

A nan na ga abin da ya sa na manta da kaina. Dunƙulawa ne jere, kafaɗa da kafaɗa, sahu bayan sahu, na gaba suna shimfiɗa zare a kan kwarin suna bi, na baya suna riƙe da su. Can tsallake, da ƙyar, na hango wani sahun yana tahowa.

"Danginmu ne," in ji Baba Zololo, yanzu ya dunƙule ya yi kyau. "Ranar da muka haɗu, al'adarmu ita ce kowa ya taɓa ɗan'uwansa. Da an taɓa, sai Kutsau ya cire hularsa da kansa, a zauna, tafiya ta ƙare. An ce akwai waɗansu da suka ƙi cire hula, suka yi ta hawa kan juna har suka zama tudu. Ba ma ambatonsu."

"To Baba, me ya hana ku haɗuwa?"

"Gari da maiƙo kin gan su. Amma akwai wanda ya fi su. Duk sanda muka kusa, wurin yakan ɗauki wani motsi, sai Duwatsun Sama su sauko su kankare aikin duka."

Sai duhu ya rufe mu. Dunƙulawa suka ɗauki kururuwa. Na ɗaga kai, na ga duwatsu biyar suna saukowa, kowanne da faffaɗan falale a bakinsa. Na babban cikinsu yana da tsaga a gefe, da ɗan baƙi-baƙi a ƙarƙashi.

Na san tsagar nan. Kullum ina ganinta idan na miƙa masa kwanon tuwo, tun da ba fuskarsa nake kallo ba. Farcen babban yatsan maigidana ne. Susa zai yi!

Na dubi sahun nan da suka sha wahala. Na tuna Iya Luɓu a baje. Na tuna Sallah, da hanyar gidanmu, da abin da matan unguwa za su ce wa Innata. Wani abu ya taso mini daga ciki, kamar an sa wa nawa Kutsau hula. Na daka tsalle na rungume dutsen, na ƙwala ihun da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni.

"Kai! Bari!"

Dutsen ya yi sama da ni.

Na buɗe ido a gindin darbejiya, durƙushe, na riƙe hannunsa gam da hannuwana biyu. Ya farka yana zare ido. Karo na farko ke nan da na ga idanunsa sosai. Ashe ma masu kyau ne.

"Tasalla? Ke ce kika yi wannan ƙarar?"

Na sunkuyar da kai, amma ban saki hannun ba. Na ce, "Kada a sosa."

"Ƙaiƙayi yake yi."

"Sun kusa ne."

"Su wa?"

Na dubi hannun nan nasa da ba shi da aikin yi. Can na ce, "Ina son muciya. Da ludayi. Da mara. Masu zane." Ban taɓa roƙonsa komai ba. Ya dube ni, ya dubi yagaggen ɗankwalina, ya yi murmushi, ya ce a miƙo masa 'yar wuƙarsa da guntun ice. Daga ranar hannuwansa ba su sake samun sukunin susa ba. Da ya gama ɗaya sai in ce akwai saura.

Na wanke ciwon tas, na rufe da bandejin Malam Isiyaku. Saura gari da maiƙo. Ni ba zan iya ce wa Yaya a'a ba, balle Gwaggo. Amma na ga yadda ake yi a ƙasar Dunƙulawa. Da la'asar da Gwaggo ta zo, ta tarar ciwo a rufe, na durƙusa na ce, "Gwaggo, gobe da safe zan yi waina. Na ce ko za ki zo ki sa mini albarka, tun da zafi-zafi." Gwaggo ba ta wasa da waina. Ta manta da maiƙon ranar, ta tafi tana shi mini albarka.

Da safe ta iso, ta zauna dama da shi. Sai ga Yaya da gwangwaninta. Suka dubi juna. Yaya ta zauna hagu, ta kai hannu ga bandeji.

"Ɗauke hannunki, Marka. Garin gawayin naki ne ya hana yaron nan tashi."

"Gawayi? Gwaggo, da girmanki! Ke da kike shafa masa abin da ko jaki aka shafa wa sai ya kai ƙara?"

"Buɗe gwangwanin nan ki gani in ban kifar da shi ba!"

"Ke ma fito da kwalbar taki mana!"

Ba wadda ta buɗe, ba wadda ta fito da komai. Na ajiye waina a tsakiya. Suka ci suna harara. Da la'asar Yaya ta dawo don kada Gwaggo ta shafa a bayan idonta, washegari Gwaggo ta yi sammako don kada Yaya ta riga ta. Haka suka yi ta gadin juna, kowacce tana kaɓe hular 'yar'uwarta, ni kuwa ina ta suya. Shinkafar gidan ta ji jiki, amma bandeji bai motsa ba sai a hannuna ko na Malam Isiyaku.

Duk sanda na buɗe don wankewa, sai in ga jan ya ragu, wani siririn fari-fari yana matsowa daga kowane gefe. Nakan sunkuya in ce, "Sannunku da aiki," a hankali.

Ana jajiberin Sallah Malam Isiyaku ya warware bandejin. Wurin ya rufe ruf, sumul, ba tudu. Sun haɗu, sun taɓa juna, sun cire hula. Hawaye ya zubo mini, na ce hayaƙin murhu ne.

"Alhamdu lillahi," in ji Malam. "Wannan karon an ji magana."

"Garina ne," in ji Yaya. "Wanda na sa tun farko ne ya yi aiki daga baya."

"Maiƙona dai," in ji Gwaggo.

Da safe ya taka zuwa Idi da ƙafarsa. Yaya ta bi shi da kallo har ya sha kwana, sannan ta juyo ta dubi ƙafafuna, ta daɗe tana dubawa.

"Ashe ma ba farare ba ne sosai," ta ce. "Akwai sauran waina?"

Da ya dawo, na kai masa ruwa a sabon ludayin da ya sassaƙa mini, na bakin ƙofa, don ɗakin ya cika da ludaya har ba wurin taka ƙafa. Ya sha, ya riƙe ludayin bai miƙo ba.

"Tasalla, ina jinki fa. Kullum sai kin gaida ƙwaurina. Ni ko sannu ɗaya ba na samu sai na yi tari. Su wa kike gaisarwa a ciki?"

Na dubi tabon. Na tuna Baba Zololo, da wani dattijo mai ɗaure fuska da har yanzu yake yawo da gefen ɗankwalina a kansa. Labarin ya zo mini har bakin leɓe. Sai na ji muryar Yaya a tsakar gida tana tambayar inda aka ajiye yaji, na tuna wadda ta fita daga farar ƙafa da ƙyar, ba ta bukatar a ce kuma tana hira da ƙwauri.

Na karɓi ludayin, na ɗago na dube shi cikin ido, na ce, "Sannu da dawowa."

Sauran labarin kuwa na cire masa hula, na bar shi ya yi barci.